Ƙofar aji da ƙofar aiki: tarihin karatun likitanci da Faransanci a ƙasashen waje, daga 1918 zuwa yau

1. Gabatarwa

Kafin shekarar 1974 babu inda ake koyar da cikakken aikin likita a ƙasar Nijar. Duk ɗan ƙasar da jama'a suka kira lokotoro kafin wannan lokaci, to a wata ƙasa ya yi karatunsa, kuma mafi yawansu da harshen Faransanci suka yi shi: a Dakar, ko Abijan, ko ɗaya daga cikin biranen Faransa. Ko bayan da aka buɗe makarantar likitanci a Yamai, fita waje ba ta tsaya ba, domin neman ƙwarewa a wani fanni ya ci gaba da kai likitocinmu Dakar, Kwatano, Rabat, Tunis da Paris. Ke nan babban ɓangare na tarihin likitocin ƙasarmu tarihin ɗalibai baƙi ne.

An saba ɗauka cewa harshe shi ne mabuɗin wannan tafiya, wato wanda ya iya Faransanci hanya a buɗe take gare shi daga Dakar har Paris. A cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa ƙofofi biyu ne ɗalibin ke tararwa. Akwai ƙofar aji, wadda harshe da jarrabawa suke buɗewa. Akwai kuma ƙofar aiki, wato izinin duba marar lafiya da sa hannu a takardar magani, wadda doka da yarjejeniyar gwamnatoci suke buɗewa ko su rufe. Za mu bi tarihin waɗannan ƙofofi daki-daki, domin mu ga lokutan da suka dace da juna, da lokutan da suka saɓa, da kuma abin da hakan ya jawo wa ɗalibai da ƙasashensu.

2. Asalin takarda iri biyu

Tushen maganar yana Faransa, tun kafin sojojinta su iso Damagaram a 1899. Daga 1803 ƙasar tana da masu magani iri biyu: cikakken likita mai digirin dakta, da wani mai gajeren karatu da ake kira «officier de santé», wanda aka tanada domin mutanen karkara, kuma ba ya aiki sai cikin jihar da aka ba shi izini. Dokar 30 ga Nuwamba 1892 ta soke wannan matsayi na biyu, ta kuma sharɗanta cewa ba mai yin aikin likita a Faransa sai wanda ke riƙe da digirin dakta na gwamnatin Faransa, wato «diplôme d'État».

To amma jami'o'in Faransa suna son ɗalibai baƙi, waɗanda a wancan zamani suke zuwa da yawa daga Rasha, Romaniya da ƙasashen daular Usmaniyya. Su kuwa likitocin Faransa ba su son a yi musu kishiya. A 1897 aka samo mafita: jami'a tana iya ba da takardar shaida tata ta kanta, «diplôme d'université». Darussa ɗaya ne, malamai ɗaya, asibitin koyo ɗaya, amma wannan takarda ba ta ba mai ita izinin aiki a Faransa. Manufar a fili take: baƙo ya zo, ya koya, ya koma gida. A 1933 dokar Armbruster ta ƙara wani sharaɗi a kan na takarda, wato sai mutum ya kasance ɗan ƙasar Faransa, ko talakan da ke ƙarƙashin mulkinta ko kariyarta.

Abin lura a nan shi ne, matsayin ƙaramin likita da Faransa ta soke a gida a 1892, shi ne ta je ta kafa a ƙasashen da ta mallaka. An buɗe makarantun horar da mataimakan likita a Tananarive ta Madagaskar a 1896, a Hanoi a 1902, sa'an nan a Dakar a 1918.

3. Makarantar Dakar, 1918 zuwa 1953

A 1905 gwamna-janar Ernest Roume ya kafa ma'aikatar kiwon lafiyar ƴan ƙasa ta Afirka ta Yamma ta Faransa (AOF), wadda aka fi sani da AMI. Likitocin da ke riƙe da ita yawancinsu sojoji ne da suka fito daga makarantun Bordo da Marsai, kuma yawansu bai taka kara ya karya ba idan aka dubi faɗin ƙasar. Yaƙin duniya na farko ya ƙara rage su. A watan Janairu 1918 gwamnatin Faransa ta ɗora wa Blaise Diagne, ɗan majalisa mai wakiltar Senegal, aikin ɗibar sojoji a Afirka ta Yamma, kuma cikin dokokin da aka fitar tare da naɗinsa har da ta kafa makarantar likitanci a Dakar. An buɗe ta a ƙarshen wannan shekara ƙarƙashin jagorancin likita Aristide Le Dantec, wanda daga baya aka sa wa babban asibitin birnin sunansa. Saboda haka ba kuskure ba ne in mun ce makarantar tana cikin ladan jinin da aka nema daga Afirka.

Ɗalibanta suna fitowa ne daga makarantar William Ponty ta tsibirin Gore, wadda aka mayar Sebikotan a ƙarshen shekarun 1930. Karatun likita shekara 4 ne, kuma ana horar da masu haɗa magani da ungozomomi a gefe. Ga ɗan Nijar hanyar tana da nisa ƙwarai. Ƙasar ba ta zama cikakkiyar koloni ba sai a 1922, kuma ɗaliban farko da suka wuce makarantar firamare sai da suka fita waje kafin ma su kai Ponty: Boubou Hama ta Wagadugu ya bi, Diori Hamani kuma ta Porto-Novo, dukkansu biyu a sashen malanta. Wato yaron da ya tashi daga Tasawa ko Birnin Konni ya kan yi baƙunta sau biyu ko uku kafin ya ga ƙofar ajin likitanci. Wannan yana cikin dalilan da suka sa da yawa daga likitocin Afirka na farko da suka yi aiki a asibitocinmu mutanen Dahome ne, da Senegal, da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau.

Wace takarda ɗalibin ke samu? Da fari sunanta «médecin auxiliaire», mataimakin likita. A 1944, bayan taron Brazzaville, aka canza shi zuwa «médecin africain», aka kuma buɗe makarantar ga ɗaliban Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Sunan ya canza, iyakar ba ta canza ba. Mai wannan takarda ma'aikacin gwamnati ne a ƙarƙashin likita Bature, ko da kuwa shi kaɗai ne a garin da aka tura shi, yana fiɗa, yana karɓar haihuwa, yana yaƙi da sanƙarau da agana. Albashinsa bai kai na Baturen ba, kuma takardarsa ba ta da daraja a Faransa. Dokar 1933 da muka ambata ba ta hana talakan mulkin mallaka neman digirin gwamnati ba, sai dai digirin yana bukatar bakaloriya, ita kuwa Ponty ba ta shirya ɗalibanta domin wannan jarrabawa. An bar ƙofar a buɗe a cikin doka, an ɗauke matakalar da ke kai wa gare ta.

Ba ƙarancin basira ne ya jawo wannan iyaka ba. Félix Houphouët-Boigny ya shiga makarantar a 1921, ya fito na ɗaya a 1925, ya yi shekaru yana aiki a matsayin mataimakin likita a garuruwan Kodibuwa, kuma shi ne a 1946 ya kai dokar soke aikin tilas gaban majalisar Faransa. A cikin shekara 35 da makarantar ta yi, likitocin da ta yaye ba su kai 600 ba, ga tarayya mai koloni 8 da sauran ƙasashen da aka ƙara mata.

4. Lokacin da ƙofofin suka dace, 1946 zuwa 1968

Dokar Lamine Guèye ta watan Mayu 1946 ta mayar da talakawan mulkin mallaka ƴan ƙasa. Daga nan aka fara ba da burs, wato kuɗin tallafin karatu, zuwa jami'o'in Faransa, kuma yawan ɗaliban Afirka ya ƙaru har suka kafa ƙungiyarsu ta FEANF a 1950. Shugabarta ta farko, Solange Faladé ƴar Dahome, ɗalibar likitanci ce. Ɗaya daga cikin manyan bukatun ɗaliban wannan zamani ita ce a daina yi wa Afirka karatu mai rangwame, a ba kowa takarda iri ɗaya.

A 1950 aka kafa Cibiyar Ilimi Mai Zurfi ta Dakar, da sashen share fagen likitanci ƙarƙashin kulawar jami'ar Bordo: ɗalibi mai bakaloriya ya fara a Dakar, ya ƙarasa a Faransa. Tsohuwar makarantar ta yaye ajinta na ƙarshe a 1953. Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibanta suka koma benci da girmansu domin su sami digirin dakta. Émile Derlin Zinsou, wanda ya shugabanci Dahome daga 1968 zuwa 1969, ya yi Dakar, sa'an nan ya yi fakilten likitanci ta Paris. A watan Fabrairu 1957 cibiyar ta zama jami'ar Dakar, jami'ar Faransa ta 18, kuma ko bayan samun ƴancin kai a 1960 takardunta sun ci gaba da aiki kai-tsaye a Faransa bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu. Abijan ma ta buɗe tata makarantar likitanci a farkon shekarun 1960.

A iya cewa wannan shi ne lokacin da ƙofar aji da ƙofar aiki suka fi dacewa da juna. Amma Nijar ba ta ci moriyarsa sosai ba. A 1960 yaran da ke zuwa makaranta a ƙasar ba su kai 5 cikin 100 ba, masu bakaloriya kuwa ƴan ƙalilan ne. Sabuwar gwamnati ta dogara ga likitocin haɗin gwiwa daga waje, kuma a jihar Maraɗi aka fara, cikin shekarun 1960, horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomin gargajiya domin cike gurbin likitan da babu.

5. Mayun 1968 da komawa gida

A shekarar karatu ta 1967-1968 gwamnatin Senegal ta rage kuɗin burs. Ɗalibai suka shiga yajin karatu, kuma ranar 29 ga Mayu 1968 jami'an tsaro suka shiga harabar jami'ar Dakar. An kai ɗaliban Senegal sansanonin soja, an kwashe ɗaliban sauran ƙasashen Afirka an mayar da su gida, an rufe jami'ar. Ɗalibin likitanci da ya kai tsakiyar karatun shekara 7 ya wayi gari a garinsu, ba takarda, ba kuma wata fakilte a ƙasarsa da zai ƙarasa. A nan gwamnatocin yankin suka tabbatar da abin da Hausawa suka daɗe da faɗa, cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Abubuwa biyu suka biyo baya. Na farko, kowace ƙasa ta himmatu ga kafa jami'arta. A Yamai an buɗe Cibiyar Ilimi Mai Zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka kafa makarantar kimiyyar lafiya a 1974, wadda ta zama fakilte a 1984. A 1992 jami'ar ta ɗauki sunan Abdou Moumouni. Na biyu, gyaran da aka yi wa tsarin karatu domin ya dace da Afirka ya sa takardun Dakar da Abijan suka rasa, sannu a hankali, darajarsu ta kai-tsaye a Faransa. Sai ya zama dole ƙasashen su amince da takardun junansu. A nan Yamai, a watan Janairu 1968, shugabannin ƙungiyar OCAM suka yanke shawarar kafa hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, kuma a 1972 aka sa hannu a Lome a kan yarjejeniyar daidaita takardun shaida. Ke nan ƙofar aiki ta faɗaɗa tsakanin ƙasashen Afirka a daidai lokacin da take ƙuntata ta wajen Faransa.

6. Faransa bayan 1971

A 1971 Faransa ta ƙayyade yawan ɗaliban da za su wuce shekarar farko ta likitanci, tsarin da ake kira «numerus clausus». An fara da guraben da suka haura 8.000, aka yi ta rage su har suka sauko 3.500 a 1993. Ga ɗalibi baƙo, fara karatun likita a Faransa ya zama abu mai wuyar gaske. Hanyar da ta rage ita ce mutum ya gama a gida, sa'an nan ya je neman ƙwarewa. An ƙirƙiro wa irin waɗannan baƙi takardu na musamman, waɗanda sunayensu suka yi ta canzawa har aka zo ga DFMS da DFMSA na wajen 2010. Dukkansu jikokin takardar 1897 ne: suna shaida horo, ba su ba da izinin aiki a Faransa.

Amma rage gurabe ya bar asibitocin gwamnatin Faransa cikin ƙarancin ma'aikata, musamman a ƙananan garuruwa da wajen tsaron dare. Likitoci baƙi daga Magrib da Afirka kudu da Sahara suka cike wannan giɓi, suna aiki da sunan masu riƙon matsayin ɗalibin asibiti, ƙarƙashin alhakin wani likita, da albashi ƙasa da na takwarorinsu. Dokar 4 ga Fabrairu 1995 ta ƙirƙiro musu matsayin mataimakin likita na kwantaragi, kuma daga 2007 aka tsara jarrabawar tantance ilimi mai ƙayyadaddun gurabe ga masu neman cikakken izini. Duk wanda ya san tarihin makarantar Dakar zai gane kamannin: aiki na cikakken likita, takarda ta mataimaki.

Kuɗi ma ya shigo cikin lamarin. Karya darajar sefa a watan Janairu 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ya ninka wa iyaye tsadar karatu a Turai cikin dare ɗaya, ya kuma karkata ɗalibai da dama zuwa jami'o'in da ke cikin yankin sefa. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajista ga ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2.770 a matakin lasisi da 3.770 a matakin masta. An soke «numerus clausus» daga 2020. Sa'an nan bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, kuma ɗaliban da suka riga suka sami gurbi suka rasa hanyar tafiya. Abin da ya faru a Dakar a 1968 ya maimaita kansa da wata fuska.

7. Magrib da Romaniya

Faransanci ya buɗe wa ɗalibanmu wasu azuzuwan da ba na Faransa ba. Aljeriya, Maroko da Tunisiya sun daɗe suna koyar da likitanci da wannan harshe, suna kuma ba ƴan Afirka kudu da Sahara gurabe da burs ta hanyar yarjejeniyar gwamnati da gwamnati. A can ɗalibin yana tarar da wata matsala tun ranar da ya fara zagayen ɗakunan marasa lafiya: darasi da Faransanci, majiyyaci kuwa da Larabcin gari ko harshen Amazig yake magana. Shi kansa harshen darasin ba dawwamamme ba ne, domin a 2025 Aljeriya ta ba da sanarwar mayar da karatun shekarar farko ta likitanci zuwa Ingilishi.

Misalin Romaniya ya fi kowanne bayyana abin da muke faɗa. A 2000 jami'ar likitanci ta Cluj-Napoca ta buɗe sashe mai koyarwa da Faransanci. Da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2007, takardarta ta sami karɓuwa kai-tsaye a sauran ƙasashen Tarayyar, sai ƴan Faransa da ƙayyade gurabe ya hana karatu a gida suka yi ta kwarara can. Ƙasar da ɗalibanta suke zuwa Paris baƙunta a ƙarshen ƙarni na 19, ita ce ta koma mai masaukin ɗaliban Faransa. Amma wannan karɓuwa ta kai-tsaye an tsara ta ne domin ƴan Tarayyar. Ɗan Afirka da ya zauna benci ɗaya da su, ya ci jarrabawa ɗaya, sai ya bi ta neman izini na musamman kafin ya yi aiki a Faransa. In kuwa gida ya nufa, sai an daidaita takardarsa, ya kuma yi rajista da hukumar likitocin ƙasarsa.

8. Kammalawa

Daga 1897 zuwa yau sunayen takardu sun canza sau da yawa, biranen karatu ma sun canza, amma tambayoyin da ke yanke makomar ɗalibi baƙo ba su canza ba: wace takarda ce za a ba shi, a ina take aiki, kuma wa ke da ikon rufe hanya kafin ya gama? Harshe bai taɓa amsa ko ɗaya daga cikinsu ba. A nan Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci ranar 20 ga Maris 1970, amma hakan bai ba likitan da ya fito daga fakilten Yamai izinin aiki a Bordo ba. A watan Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar Francophonie, sabon kundin ƙasa kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Muhawara a kan harshen koyarwa tana da muhimmanci, musamman ga likitan da zai saurari majiyyaci da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Tamajak. Sai dai tarihin da muka bi yana gargaɗinmu cewa ko da ɗalibanmu sun koma karatu da Ingilishi, ko Turkanci, ko Rashanci, ƙofa ta biyu tana nan tana jiransu.

Saboda haka muna ganin abubuwa uku sun cancanci kulawa. Na ɗaya, kada a ba da burs zuwa wata makaranta sai an tabbatar a rubuce cewa takardarta ita ce wadda ƴan ƙasar ke aiki da ita, kuma za a karɓe ta a gida. Na biyu, fakiltocin kimiyyar lafiya na Yamai, Maraɗi da Damagaram su sami ƙarfin horar da ƙwararru, domin a matakin ƙwarewa ne dogaro da waje ya fi yawa. Na uku kuwa aikin mu masu bincike ne. Takardun AOF da ke ma'ajiyar tarihi ta Senegal, musamman jerin H na kiwon lafiya da jerin O na ilimi, wurin da ya kamata a fara neman sawun ɗaliban Nijar ne. Akwai kuma dattawan likitoci a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram da suka yi karatu a Dakar, Abijan da Aljer cikin shekarun 1960 da 1970. Ya kamata ɗalibanmu masu neman maudu'in bincike su je su zauna da su, da na'urar ɗaukar magana, tun suna da rai da lafiyar ba da labari.